Zakin Ciyaman Ya Buɗe Taro

Duk wanda bai san Ciyaman ba, to bai san girma ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar shugabancin kwamiti. Ko gyaran famfon ofis za a yi, sai ya kafa kwamiti, ya naɗa kansa a kai. Da ya yi ritaya, kujera ta tafi, sunan ya zauna. Bawan Allah ya rasa wanda zai yi wa jawabi, don uwargidansa da ta ji ya gyara murya sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ana nan jikarsa ta dawo daga makarantar reno da wani ɗan littafi mai hotuna, tana ta ƙyalƙyala dariya. Ciyaman ya karɓa ya duba. Zomo ne ya yaudari Kura, ya gudu da namanta.

"Subhanallahi! Sata ake koya wa manyan gobe? Kuma ba a gurfanar da zomon nan gaban kowa ba?"

A ranar ya sanar da abokan zamansa na ƙofar gida cewa zai ceto yaran ƙasa. Zai rubuta littafin da za a riƙa karantawa kullum a makarantar jikar tasa, in ba haka ba kada a sake kiran sa Ciyaman. Tun bai rubuta harafi ɗaya ba ya buga kati: Marubucin Manyan Gobe.

Kai, littafi ya yi littafi! Babu gudu, babu faɗuwa, babu wanda ya ci wani. Dabbobi ne suka yi taro a kan ɗa'a da bin doka. Zaki ne shugaba. Kura ce ma'aji, kuma ko ƙashi bai ɓace ba. Biri ya zauna a natse, hannu a gwiwa. Kunkuru ma shi ya riga kowa isowa, don Ciyaman ba ya son makara. Aikin Zomo ɗaya ne a littafin gaba ɗaya: ya ɗaga hannu ya ce ya goyi baya.

Mai zane ya sha wahala. Ya zana Zaki ya wage baki, Ciyaman ya ce shugaba ba ya ihu. Aka rufe bakin. Aka sa wa Zaki tabarau, aka ƙara masa tumbi, aka soka masa biro a aljihu, har dai mai zane ya gane wanda ake nufi, ya daina wahalar da kansa, ya riƙa kallon Ciyaman yana zanawa.

"Ranka ya daɗe, ko za mu bar Biri ya ɗan yi tsalle a shafi ɗaya?"

"Tsalle a tsakiyar taro? Ɗana, a ina aka rene ka?"

Shugabar makarantar tana da tsarinta. Ba ta karɓar littafi sai an karanta wa yara a kan tabarma, ita kuma tana gefe tana kallon fuskokinsu. Ciyaman ya zo da kwat da jaka. Aka miƙa masa 'yar kujerar yara, ya ƙi, ya ce a kawo tebur. Ya tsaya a bayansa ya fara:

"Zaki ya gyara murya ya ce, mai girma Giwa, mai girma Raƙumin Dawa, sauran manyan baƙi bisa matsayinsu..."

Ciyaman ba ya ɗaga kai idan yana karatu. Abin da ya sani kawai, ajin da ya tarar kamar kasuwa ya yi tsit. Daɗi ya kama shi. Ko ma'aikatansa na da ba su taɓa ba shi irin wannan ladabi ba. Yana rufe littafin, shugabar ta riƙo jakarsa ta yi waje da shi, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka bar mana shi. Wallahi kullum za mu yi amfani da shi."

Ciyaman ya zaro sabon kwafi daga jakar ya miƙa mata. Daga nan unguwa ba ta sake hutawa ba. Mai aski ya ji labari, mai wanki ya ji, har mai gyaran takalmi an ba shi kati. Bayan 'yan makonni Ciyaman ya tattara abokansa, ya ɗauko mai hoto, suka nufi makaranta da tsakar rana don su gani da idonsu. Shugabar ta tare su a baranda.

"Baba, da kun bari sai da safe."

"'Yata, marubuci ba ya neman izinin ganin littafinsa."

Ya tura ƙofa. An saki labule, an kashe fitila, fanka na juyawa a hankali. Yara kwance jere a kan tabarmi, jikarsa a cikinsu da yatsa a baki. Malamar ajin na zaune da littafin a cinya, tana cewa, "mai girma Giwa..." Da ta gan shi sai ta taso da fara'a, ta rusuna.

"Baba, Allah ya saka da alheri! Da, lokacin barcin rana yaƙi muke yi da su. Yanzu kafin Zaki ya gama gaishe da baƙi, duk sun tafi."

Ciyaman ya karɓi littafin. Shafukan farko sun yi laushi don yawan taɓawa. Sauran kuwa sabbi fil, wasu ma a manne suke kamar yadda suka fito daga maɗaba'a. Jawabin rufe taro, wanda ya fi alfahari da shi, ba a taɓa buɗe shi ba.

Ya juya don ya yi wa abokansa bayani. Babban amininsa ya jingina da bango, baki buɗe, ya fara minshari. Mai hoto kuwa, da yake hoto aka kawo shi ya ɗauka, ya ɗauka.