Ranar da na yi wa surukina wanka da man jirgi

Ko me zan manta a zamana na Amurka, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da surukina ya zo ganin jirgina ba.

Eh, jirgin sama. Ni likitan haƙori ne, muna zaune a Upper Marlboro, kuma a ƙasar nan ba abin mamaki ba ne mutum ya sayi sassan ƙaramin jirgi ya harhaɗa da hannunsa, hukuma ta duba ta ba shi izinin tashi. Nawa mai kujera biyu ne, fikafikansa a sama suke kamar rumfa. A garejin gidanmu na fara shi (motar matata Sa'adatu ta sha dusar ƙanƙara a waje saboda shi, kuma har gobe tana tuna mini), da ya yi girma na mayar da shi wani ɗan filin jirgi kusa da mu.

Kujera ta biyun don Sa'adatu na yi ta. Ita kuwa ta rantse ƙafarta ba za ta taka abin da aka ƙera a gefen injin wanki ba, sai in mahaifinta ya gani da idonsa ya ce ta hau. Ta san abin da take yi, don Baba yana Zariya. Sai ga shi Allah ya kawo shi ganin likitan ido, zai yi mana 'yan makonni. Na ce alhamdu lillahi, magana ta zo ƙarshe.

Aikin da ya rage mini a lokacin shi ne bututun mayar da mai. Injin da na saka, famfonsa yana turo mai fiye da abin da zai sha, ragowar sai ta koma tanki ta wani bututu daban. Tankuna biyu ne, kowane fiffike da nasa, kuma da na haɗa su ban bar wa man hanyar dawowa ba. Dole in buɗe, in huda, in ɗaura bakin bututu, in shafe da wani baƙin gam mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya taɓa riga sai dai ka yi mata sallama. Huda rami sana'ata ce, wannan bai dame ni ba. Gam ɗin ne ya gallabe ni. Da na gama tankin hagu, na ɗaura masa balan-balan na hura iska, na bi shi da ruwan sabulu ban ga kumfa ba, sai na dubi na dama na ji wata irin kasala. Na ce ai ɗaya ya isa. Duk man da ya dawo ya tafi hagu, ni kuma kullum in fara sha daga hagun don ragowar ta samu wurin zama. Wasu ma haka suke yi. Sharaɗin kawai kar ka manta.

Ranar ta zo da zafi mai naci. Tun da safe na cika tankunan biyu maƙil, don Baba ya ga ba inda ke yoyo, na janyo jirgin waje na goge shi tas. Abokina Bitrus, mutumin Jos da ke aikin jinya a asibitin yara, ya taho daga Beltsville, wai ya zo shaida (tsiya ce ta kawo shi, na san hali). Sa'adatu ta iso da zoɓo mai sanyi, ga Baba a gefenta cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, sun sha guga.

Filin jirgi ba shi da bishiya. To ina za ka zaunar da babba in ba a inuwa ba? Da hannuna na ɗauki kujera na ajiye masa a ƙarƙashin fiffiken hagu.

Sai na faɗa muku yadda muke da Baba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa zan sha sai na juya baya. A wurin aiki nakan ce wa manyan mutane su buɗe baki su buɗe, su tofar su tofar. A gaban Baba kuwa muryata kan shige ciki ta ƙi fitowa.

Na shiga jirgin na zauna. Ban yi niyyar ta da inji ba, farfela ba abin wasa ba ce kusa da mutane. Famfon kawai na kunna don su ji aikina. Ya fara ɗan gurnaninsa a hankali.

"Shi ke nan?" in ji Bitrus. "Ai firijina ya fi wannan ƙara."

Na shiga zuba bayani ta ƙofa, har da nuni da hannu, yadda mai ke fita da yadda yake dawowa. Ina cikin haka wari ya buge ni. Na leƙa. A ƙarƙashin kowane fiffike akwai ɗan bututun da tanki ke shan iska. Na hagu ne ke zubar da mai, siriri, daidai kafaɗar Baba. Na kalli hannun da ake murɗawa a zaɓi tanki, yana kan dama, inda na bar shi jiya. Wato famfo yana ɗebowa daga dama yana ɗura wa na hagun da ya riga ya cika. Man jirgi kuma shuɗi ne, rina shi ake yi.

Duk mai hankali ya san abin yi: ka kashe famfo, ka yi ihu. Ni kuwa sai na sauko, famfo na ta aikinsa, na zagaya, na durƙusa.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yauwa Likita, sannu da ƙoƙari."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Baba, dama cewa na yi, idan ba damuwa, ko za a ɗan gyara zama..."

"Inna lillahi! Baba tashi, fetur ne!" Sa'adatu ce ta yar da kofin zoɓo ta fizgo shi da ƙarfi. Bitrus ya faɗa cikin jirgin yana kashe duk makunnin da hannunsa ya kai, har gurnanin ya tsaya. Ni ina nan durƙushe a gaban kujerar da ba kowa, mai na ɗiga mini a ƙeya. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige na gode mata.

Shaddar ta yi shuɗi daga kafaɗa har cinya. Sa'adatu na kwara masa ruwa tana faɗa: "Baba, ba ka ji ba ne?"

"Na ji mana, har warin," in ji shi. "Na ce mai abu yana wurin, ba ni zan koya masa aikinsa a gaban baƙo ba."

Ashe mu biyu ne, kowa na jin nauyin kowa, mai kuma na ta zuba. Aka cire masa kayan aka ƙulle a leda. Abin sawa kaɗai da aka samu shi ne rigar aikin Bitrus da ke mota, mai zanen 'yan agwagi. A cikinta surukina, tsohon shugaban makaranta, ya koma gida, Bitrus na ta tari don ɓoye dariya.

Bayan la'asar Baba ya sa aka kira ni falo. Na zauna a ƙasa, kaina a sunkuye.

"Likita, jirginka ya yi kyau. Tarbiyyarka ma ta yi kyau, Allah ya saka wa iyayenka. Amma da wuta ce fa? Sai ka gama tambayata zafi?"

Na ƙara sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ba za ta hau ba tukuna. Ranar da ka iya daka mini tsawa in ka ga haɗari, ranar zan ba ka ita ku tafi sama."

Ban yi barci mai daɗi ba ranar, don na san gaskiya ya faɗa. Daga baya na buɗe tankin dama na sha warin gam, na sa masa nasa bututun, yanzu mai daga inda ya fito can yake komawa. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba. Na kuma koyi cewa a kusa da fetur, famfo ake fara kashewa, gaisuwa ta biyo baya.

Tsawar ce ta gagara. Jirgi ya samu izini, ina tashi ni kaɗai, kuma abin yana damuna. Duk Juma'a in mun kira Zariya, bayan an gama gaisawa sai Baba ya ce, "To Likita, gwada mu ji."

In cika ƙirji da iska, Sa'adatu na kallona, in buɗe baki.

"Baba... ko za a ɗan tashi?"

"Da saura," in ji shi. "Ba ni 'yata."