Duwatsun Bayan Tsamiya

Ko me zan manta a rayuwa, ba na jin zan manta da ranar da na kai baƙi tsibiri, wata biyu bayan rasuwar Baba.

Baba mai jirgin ruwa ne a Warra. Ban da kai mutane kasuwa, yana da wata sana'a da ya ƙirƙiro wa kansa. Idan ruwan tafki ya ja baya, yakan ɗauki malaman makaranta, irin waɗanda ke son ganin gari amma aljihu bai kai ba, ya kai su wani tsibiri su kwana ɗaya ƙarƙashin tamfol. Ya gasa musu kifi, ya ba su labarin garuruwan Gungawa da ruwa ya cinye, ya kuma nuna musu wani wuri mai daraja a wurin mutanen da. Ni aikina tsaron jirgi. Yakan ce in biyo su, in ce rana ta yi zafi. (Gaskiya waya nake latsawa.) Abin da nake hangowa kawai shi ne, idan sun hau tudu sun kai wata tsamiya, Baba zai cire takalmi, wasu baƙin su cire, su shige bayanta.

Ranar wata Laraba wayar Baba ta yi ƙara. Wata Malama Hajara ce, mai koyar da tarihi, ta ce su shida ne suna son zuwa. Na gaya mata Allah Ya yi masa rasuwa. Ta yi ta'aziyya, sannan ta ce, "To ke nan babu mai kai mutane yanzu?"

Wannan "babu" ɗin ne na kasa haɗiyewa. Na ji bakina ya ce, "Akwai. Ni ɗansa ne."

Da na faɗa wa Inna, sai ta dube ni ta ce, "Kai ka san wurin?" Na ce, "Haba Inna, sau nawa na je?" Ta shiga ɗaki ta ɗauko tamfol ɗin, yana nan yadda Baba ya naɗe shi.

Ranar Asabar muka isa tsibirin da hantsi. Na kafa rumfa, ta faɗi, na sake kafawa. Na gasa kifi, gefe ɗaya ya ƙone. Duk suka yi mini uzuri. Da rana ta take, Malama Hajara ta ɗauko littafinta da biro ta ce, "Malam, sai wurin tarihin ko?"

Na wuce gaba, alhali ban taɓa taka tudun nan ba. Da muka kai tsamiya na cire takalmi, na ce kowa ya cire. Muka zaga bayanta. Sai ga duwatsu an jera su a ƙasa, kusurwa huɗu, cikinsu yashi ne mai laushi. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ga shi.

"Nan ne," na ce da ƙaramar murya. "Kada kowa ya taka ciki. Nan kakannin Gungawa suke taruwa su yi abubuwansu na gargajiya."

Malama ta hau rubutu. Wani Malam Isiyaku, mai koyar da lissafi, ya karkata kai yana kallon duwatsun. Ya ce, "Ikon Allah. Ni kuwa kamar na san irin wannan shirin."

Na ce ai mutanen da duk shirinsu ɗaya ne.

Ya nuna wani ɗan lungu da ya fito a tsakiyar layin gaba. "Nan fa?"

"Wurin zaman babbansu."

"Me ya sa ya fuskanci gabas?"

Na ce suna son hantsi. (Har yau ban san inda na samo wannan ba.)

Sai Malama ta hango wata buta a gindin tsamiya. Na ce da ita suke zuba wa ƙasa ruwa. Ta ɗaga ta, ta juya ta. "Ta roba ce fa, Malam." Nan kaina ya fara ɗaurewa. Na ce wataƙila ta asalin ce ta fashe, jikoki suka sake wata. Ta rubuta wannan ma.

Muna nan tsaye babu takalmi, sai ga masunta uku sun hauro daga ɗaya gefen, hannuwansu da fuskokinsu a jiƙe. Suka yi mana sallama. Na gabansu, wani dattijo, ya ajiye takalminsa ya ɗaga ƙafa zai shiga cikin duwatsun. Wallahi ban san sa'ad da na riƙo hannun rigarsa ba.

"Baba, ba a shiga!"

Ya dubi hannuna, ya dube ni. "Ba a shiga ina?"

"Wurin mutanen da ne."

"Wanga?" Ya waiwayi abokansa. "Kun ji, ashe shekara da shekaru muna salla wurin mutanen da, ba mu sani ba."

Masallaci ne. Irin wanda na girma ina gani a bakin kowace gona. Malam Isiyaku ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Malama ta dubi littafinta, shafi biyu cur, ta rufe shi a hankali.

Dattijon ya ƙura mini ido. Ya ce, "Tsaya. Kai ba ɗan Garba mai jirgi ba ne? Mai zama cikin jirgi?" Na ce ni ne. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Garba. Ai shi ya jera duwatsun ga da hannunsa. Daga bakin ruwa ya riƙa ɗauko su ɗaya ɗaya. Nan yake azahar kafin ya wuce da baƙinsa." Ya ce wurin da nake nema yana can ƙarshen tsibiri, kuma Baba bai taɓa shigar da kowa ba. Sai dai Baba ya nemi izinin dattawan masu wurin, sannan ya tsaya daga nesa ya nuna.

Ina kallon duwatsun, ina tunanin ciwon bayan da Baba yake yawan kuka da shi.

Sai dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "To, babbansu, je ka yi alwala ka zo ka shiga lungunka ka ja mu." Kowa ya fashe da dariya, har ni, ko da yake tawa ba ta fita daidai ba. Na roƙe shi ya ja, ya ƙi. Haka na tsaya inda Baba yake tsayawa. Na ta da kabbara.

Bayan salla dattijon ne ya kai mu ƙauyensu, ya yi magana da dattawan masu wurin, aka nuna wa baƙina wurin daga nesa. Ina tsaye a bayansu, ina saurare kamar kowa. Malama ta yaga takarda ɗaya ta miƙo mini da biro, ta ce, "Malam jagora, kai ma rubuta."

Har yanzu ina kai mutane tsibirin, idan an samu. Abin da na koya kaɗan ne: jirgi da tamfol ana gadonsu, amma abin da uba ya sani sai ka tashi ka bi shi cikin rana tun yana nan. Kuma idan mai koyar da lissafi ya ce maka kamar ya san wani abu, yi shiru ka bar shi ya tuna.