Minti Uku da Suna Talatin da Biyu

"Minti uku ne fa, ranka ya daɗe! Uku cif. Ko numfashi na ƙara, kashe mini abin magana za su yi."

"To ni na ce huɗu ne? Ke dai ki yi sauri. Bakinki ai ba ciwo yake ba."

"Suna talatin da ɗaya ka ba ni, Alhaji."

"Da biyu. Na tuna da surukina a mota."

Sahura ta dubi takardar da ke hannunta, ta dubi Alhaji Gwadabe. Ita ce ta doke mawaƙa sama da ɗari biyu, aka zaɓe ta ta wakilci ƙasa a gasar waƙa ta ƙasashe arba'in da ake yi duk shekara. Waƙarta, "Tsaya Mini a Kwana", ba inda ba ta shiga ba. Masu adaidaita na sa ta, masu kitso na sa ta, har tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layinsu da amshin take juya mataci. Sauran kwana goma a tashi, sai ga Alhajin, shugaban kwamitin gasar na ƙasa, ya kira ta ofis ya miƙo mata jerin manyan da za ta gaisar a cikin waƙar.

Shi Alhaji Gwadabe dillalin taki ne. Abin da ya haɗa shi da kiɗa bai wuce an taɓa yi masa waƙa a bikin 'yarsa ba, aka ambaci sunansa sau goma sha tara, shi da kansa ya ƙirga. Tun daga ranar ya gane abin da ake kira waƙa. Kuma shi ke sa hannu a kan wanda zai hau jirgi. A kan bencin waje kuwa, tun hantsi, wani mawaƙi Ɗanliti na zaune ya sha tabarau, mutumin da in aka ce ya gaida awakin gidan shugaba zai tambayi sunayensu. Sahura ta gan shi lokacin da za ta shigo, ta kuma gane abin da zamansa yake nufi: in ta ƙi, shi za a tura.

"Alhaji," ta ce, ta sassauta murya, "can fa ba biki ba ne. Ba wanda ya san surukinka a can."

"Shi ya sa za ki gabatar da shi."

"To mu duba baya mana. Sau nawa muka je, me muka samo?"

Alhaji ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya irin nasa mai hawa biyu. "Wato, alhamdu lillahi, ba mu taɓa fashi ba. Malam Tanimu, karanta mata."

Malam Tanimu sakataren kwamiti ne, siriri, mai murya irin ta masu sanarwar rasuwa a rediyo. Ya buɗe fayil, ya lashi yatsa.

"Shekarar farko, mun zo na arba'in. Mawaƙinmu yana cikin gaida mataimakin ma'aji aka kashe fitila."

"Rashin tarbiyya," in ji Alhaji. "Mutum na gaisuwa."

"Shekara ta biyu, na arba'in. Shekara ta uku, ba a ba mu lamba ba, kora aka yi."

"Kora?" in ji Sahura, kamar ba ta sani ba. Duk ƙasar nan ba wanda bai kalli bidiyon ba: Alhaji ya haye dandamali da babbar riga, ya zaro sababbin kuɗi yana manna wa mawaƙi a goshi, ƙarti huɗu suka ɗauke shi cak kamar buhun takinsa, ƙafafunsa na wutsil-wutsil a sama.

"Jahilai ne," Alhaji ya ce. "Ina aka taɓa ganin mawaƙi na waƙa goshinsa fayau, ba liƙi? Ni na je in fitar da ƙasa kunya."

"Shekara ta huɗu," Malam Tanimu ya ci gaba, "mun samu maki biyu daga maƙwabtanmu."

"Kin ji ko? Biyu!"

"Bayan mako guda suka aiko da takardar ban haƙuri, wai yatsan mai dannawa ne ya zame."

Alhaji ya nuna bango da carbinsa. Takardar ce a can cikin gilashi, an yi mata firam mai ruwan zinariya. "Amma ba su karɓe ba. Suna nan."

"Shekara ta biyar, na talatin da tara."

Nan fuskar Alhaji ta washe. A shekarar ne shaƙuwa ta kama wata mawaƙiya daga wani tsibiri, ta yi minti ukunta tana hik, hik, har ta fashe da kuka. Da tawagarmu ta dawo, da kalangu aka tare ta a filin jirgi, aka yanka bijimi.

"Ta shida da ta bakwai fa?" in ji Sahura.

Malam Tanimu ya rufe fayil a hankali. "Mun koma mazauninmu."

Sahura ta ga gardama ba za ta fisshe ta ba, ga Ɗanliti ya fara leƙowa ta taga yana gyara wuyan riga. Sai ta ce to, a gwada. Ta ajiye wayarta a kan tebur, ta kunna kiɗan, Malam Tanimu ya cire agogonsa ya riƙe. Ta ja numfashi ta fara zubo sunaye kamar ɗan kamasho na kiran garuruwa a tasha.

"Tsaya, tsaya!" Alhaji ya ɗaga hannu. "Wa kika ce? Alhaji Barau kawai? Haka tsirara? Mutumin da ya je Makka sau tara? Alhaji Dakta Barau, Garkuwan Matasa, angon Hajiya Turai."

"Ranka ya daɗe, angon ya kai shekara saba'in."

"Ita Hajiya Turan ce ta ɗinka wa tawaga anko. Maimaita."

Ta maimaita. Aka tsayar da ita don ta sa mai unguwa gaban hakimi. Aka sake tsayar da ita don ta ambaci wani Injiniya da murya ƙasa-ƙasa, alhali shi mutum ne mai saurin fushi. A gwaji na shida, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, harshenta kamar ba nata ba, ta dire sunan surukin Alhaji, Malam Tanimu ya ce, "Minti biyu da daƙiƙa arba'in."

Daƙiƙa ashirin suka rage. Daidai tsawon amshinta. Sahura ta lumshe ido ta sake shi:

"Tsaya mini a kwana, masoyi,
takalmina ne ya tsinke,
ba zuciyata ba."

Ƙafar Malam Tanimu na bugun ƙasa ba da saninsa ba. Ɗanliti ya cire tabarau. Shi kansa Alhaji, hularsa ta ɗan rausaya hagu da dama kafin ya kama ta.

Ganin ta samu dama, Sahura ta durƙusa har ƙasa. "Ka ji ko, Baba Alhaji? Don girman Allah, ko wannan kaɗai a bar mini. Na yarda da talatin da biyun, har da angon. Amma wannan shi alƙalai suke ba wa maki. Shi suke zaune suna jira."

Alhaji ya daina jan carbi. "Su wa?"

"Alƙalan gasar."

"Wato akwai alƙalai?"

"Kowace ƙasa da nata, ranka ya daɗe," in ji Malam Tanimu. "Su arba'in. A layin gaba suke zama."

"Waɗannan masu baƙaƙen kwat ɗin? Ni na zaci 'yan tsaro ne!" Alhaji ya miƙe tsaye, ya dafe kai da hannu biyu. "Inna lillahi! Shekara bakwai muna shiga gaban mutane arba'in, manya, a zaune, ba ko sannu da hutawa? Ai wallahi sun yi mana kara da suka bar mu a na arba'in! Tanimu, nemo sunayensu, da na iyayensu in da hali. Ke kuma cire takalmin nan da ya tsinke, ki sa bayin Allah."

"Alhaji," Sahura ta ce, tana nan a durƙushe, "to waƙar fa?"

"Waƙar kya yi mana a jirgi in za mu dawo."