Ranar da Rumbun Sani Ya Sauko Dandali

Sai mu gode wa Allah da ya ba birninmu Mataimakin Darakta na ofishin kula da kayan tarihi, wanda ma'aikatansa ke kira Rumbun Sani in ya ba da baya. Mutum ne da ko tari ya yi sai ka ƙaru. Tarihin tsohon dandalin birni kuwa, in ji shi, tare suka girma.

Da Darakta ya yi ritaya, Shugabar hukuma ta ce za ta kawo baƙi su zaga dandalin, daga nan ta san wanda za ta ba kujerar. Nan take Rumbun Sani ya sallami matar da ta shekara goma tana zagayawa da baƙi. "Je ki huta, 'yar nan. Yau ranar manya ce."

Ya sauko da kwat da sanda mai kan azurfa, tumbi a gaba, shi a baya.

A bakin tsohuwar rijiya ya ƙara mata shekara ɗari uku kyauta. Ga allo a gefe an rubuta gaskiya, sai ya matsa ya kare shi da jikinsa, kuma jikin ya wadatar. A gidan tarihi ya yi ta tura wata ƙofa har ya jiƙe da gumi, kafin mai gadi ya nuna masa inda ake shiga.

"Ƙarfinta nake gwada muku," in ji shi. "Kun ga aikin mutanen da!"

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Haka ya ja su zuwa hasumiyar agogo, ya juya mata baya, ya fuskanci masu ɗaukar hoto, ya ɗaga sanda sama.

"Jama'a, ku ɗaga kai ku ga abin alfahari! Agogon nan bai taɓa makara da minti guda ba. Ni kaina, kullum da shi nake saita nawa."

Baƙi suka ɗaga kai. Rami ne zagayayye, da tattabaru biyu a ciki suna leƙen su. Wallahi ni da nake gefe sai da na ji masa kunya.

Wani tsoho mai gyaran takalma a gindin hasumiyar ya ga baƙi sun yi cirko-cirko, ya tausaya musu.

"Ai shekara uku ke nan da sauke shi. Yana can ɗakin ajiya, wai takardar gyaransa na jiran sa hannun wani babba."

"Wane babba, Baba?" in ji Shugaba.

"Ranki ya daɗe, ban san shi ba. Mataimakin Darakta suke ce masa. Mu nan ba mu taɓa ganin ƙeyarsa ba."

Sandar ta sauko a hankali. Shugaba ta dubi ramin, ta dubi agogon da ke hannun Rumbun Sani, ta yi murmushi.

"To, Mataimaki, ƙarfe nawa yanzu a naka?"

Har yau Mataimaki ne.