Kunyar Suruki a Hanyar Dutse

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta ƙarshen damina, a shekarar farko ta aurena, da na ɗauki surukina a mota zuwa gindin dutsen da aka haife shi a kai, can gaba da Zungur. Har yau idan aka taru a gidansu a Ɗan Iya aka rasa abin dariya, zancena ake jawowa.

Baba, surukin nawa, tsohon malamin makaranta ne, mai ƙarancin magana. Iyayensa a kan dutsen suka zauna kafin mutane su sauko ƙasa, kuma kabarin mahaifinsa yana can cikin kufai. Gwiwoyinsa sun fara ƙi, likita ya ce in da wani hawa da zai yi, to ya yi shi bana. Sai ya aika wa yayarsa Goggo, wadda ke zaune a ƙauyen gindin dutsen, cewa yana tafe, yana so ya hau da sanyin safiya ya yi wa mahaifinsa addu'a tun ƙafa tana ɗaukarsa. Matata Maimuna ce ta kawo mini labarin, ta ce ana neman aron babbar mota. Ni kuwa da bakina bai iya zama a rufe ba, na ce wace irin babbar mota kuma, ga tawa? (Tawan nan 'yar ƙarama ce, iyakar yawonta daga Gwallameji zuwa ofis. Ko kududdufi na gani a hanya sai na zagaye shi.) Maimuna ta dube ni ta dubi motar, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Dole in faɗa maka irin gidan da na taso. A wurinmu suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, gaisuwa ma a durƙushe ake yi, kai a ƙasa. Baba shi ma ɗan wannan tarbiyyar ne, don haka da na iso bayan sallar asuba sai ya buɗe baya ya zauna, cikin farar babbar riga mai ƙamshin turare. Ina ɗaga kai sai na ga idonsa cikin nawa ta madubi. A hankali na kai hannu na karkatar da madubin ya kalli rufin mota, na ji daɗi a raina, na ce ai ka ga ɗan mutunci.

Kwalta ta ƙare, muka hau burji, burjin ma ya gaji ya bar mu da sawun amalanke tsakanin gonakin dawa. Nan motata ta fara ganin duniya. Ƙasanta na gurzar duwatsu, salansa na ƙara kamar ana jan tsohuwar garwa, ni kuma ina riƙe da sitiyari da hannu biyu, zufa na bin bayana. Duk ramin da muka faɗa sai in ce "Sannu Baba," shi kuma ya ce "Yauwa." Hirarmu ke nan tun daga Bauchi.

Sai ga rafi. Ruwan bai wuce idon sawu ba, amma yashin da ke ƙarƙashinsa ba mutumin kirki ba ne. Na shiga da ƙarfin hali, muna kaiwa tsakiya tayoyin suka nutse. Na taka totur, suka ƙara nutsewa. Baba ya buɗe ƙofa ya fita don a rage nauyi. Wasu manoma da ke yankan dawa suka taho, suka tone yashin, suka cusa kara da duwatsu a gaban taya. Babbansu ya leƙo ta taga ya ja mini kunne, ya ce in ta fita kada in kuskura in tsaya, gaba ma duk laka ce, in yi ta tafiya.

Ana cikin haka na ji ƙofar baya ta buɗe, ƙamshin turare ya cika motar, aka rufe ƙofa. Na ce a raina Baba ya dawo. Ban waiga ba, ai ba a waiwayar suruki. Suka tura, motar ta yi tsalle ta fice, na ba ta wuta. Na jiyo ihu a baya, ta gefen ido na hango hannuwa sama. Na ce mutanen ƙauye akwai kara, har da rakiya. Na danna musu hon sau biyu na godiya.

Ban san me ya shige ni ba, ko murnar tsallake rafi ce ta kwance mini harshe. Na fara yi wa Baba magana, idona a kan hanya. Na gode masa da ya ba ni Maimuna alhali ga masu hali suna nema. Na ce tun rasuwar mahaifina ban ƙara samun wanda nake gani in ji nutsuwa ba sai shi. Shiru. Na ce ka ji dattako, maganar ta taɓa shi har ya kasa amsawa. (Na ma ƙara da alkawarin in Allah ya ba mu namiji sunansa za a sa.)

A gindin dutsen, ƙarƙashin wata tsamiya, Goggo da dangi sun shimfiɗa tabarmi, ga ƙwaryar fura a rufe da faifai. Na fito da sauri na zagaya, na durƙusa, na buɗe ƙofa kaina a sunkuye, na ce, "Baba, mun iso."

Babu motsi. Na ɗaga kai. Babbar riga ce a ninke a kan kujera, ga hula a kanta, ga takalma da sanda, wayarsa ma tana cikin aljihu. Ashe tuɓewa ya yi ya ajiye su, ya naɗe wando ya kama turi tare da manoma.

Goggo ta matso tana dogara sandarta ta ce, "Ɗan nan, ina ka kai mini ƙanena? Duk tsawon hanyar nan ba ka lura ba?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma na buɗe baki na ce, "Wallahi Goggo, hira muke ta yi."

Wata mata sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Ni kuwa tsoro ne ya rufe ni, domin rana ta fara ɗagawa, kuma na san in ta yi zafi hawan nan ya gagara, na kuma san ba lallai a sami baɗi ba. Ina ƙoƙarin juya mota sai ga amalanken shanu tafe, Baba a zaune bisa dammunan dawa, daga shi sai 'yar shara, laka tun daga gemu har ƙafa. Tayata ce ta yi masa wannan kwalliyar. Na zube a gabansa. Goggo ba ta bar shi ya sauko ba sai da ta ba shi labarin hirar. Ya goge fuska, kafaɗunsa na girgiza, ya ce a ba shi ruwa.

Ya ce hawa babu fashi. Rana ta riga ta yi, hanyar kuma tsakuwa ce da santsi, sanda kaɗai ba ta isa ba. Ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata, hannun da ban taɓa yin ko musabaha da shi ba. Muna hawa muna hutawa har muka kai kufan. Ya tsuguna a gefen wasu duwatsu da aka jera, ya daɗe yana addu'a, hawaye na bin sauran lakar da ke gemunsa. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba. Wannan ne hawansa na ƙarshe.

Da za mu koma, na buɗe masa baya, sai ya wuce ya buɗe gaba ya zauna. Ya kai hannu da kansa ya daidaita madubin, ya ce, "To, abin da ka faɗa wa rigar, yanzu ga mai ita. Fara daga farko."

Na faɗa masa, ina in'ina, har muka hau kwalta. Tun daga ranar na gane kunya ado ce, amma ba a tuƙi da ita. Yanzu ko wa na ɗauka, kafin in tayar da mota sai na waiga na tabbatar akwai mutum a cikin rigar.