Jarumin Tsaunuka Bakwai

Jarumin labarin da na rubuta yana haye tsaunuka bakwai na aljanu kafin azahar, sai na ce bari in hau ɗan tudun bayan Wurno in ji yadda abin yake. Da silifas na tafi, da babbar riga. Hawa bai ba ni wuya ba, saukowa ce ta gagara. Tsakuwa na zamewa, na rungume wani dutse ina ta salati.

Sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka.

"Malam, mi kaka yi nan?"

"Iska nika sha, Inna."

Ita ta riƙe hannuna har ƙasa, nonon ko ɗigo bai zuba ba. A kasuwa ta baza labarin. Har yau in na iso majalisa sai a ce, "Jarumi, saura tsauni shida, a kira maka Inna?"