Kaskon Fatouma Yana Tsare Saboda Adabin Amurka

Jama'a, yau ma ban karya da ƙosai ba, kuma ba azumi nake ba. Kaskon matata Fatouma yana hannun hukuma kwana tara ke nan, alhali da kaskon nan gidanmu ke ci.

'Yata Rabiatou ce ta yi shekara huɗu a jami'a tana karanta adabin Ingila da na Amurka. Ranar da suka gama, wani Mai Girma ya hau dandamali ya ce ƙofofi duk a buɗe suke: koyarwa, tafinta, jarida, ofishin jakadanci. Kuma bai yi ƙarya ba, bawan Allah. Shekara uku tana shiga ta ƙofar gaba, ana fito da ita ta baya da "ki dawo wata mai zuwa." Littattafanta na jibge ƙarƙashin gado, har Fatouma ta ce tunda mai su ba ta samu aiki ba, bari su littattafan su fara. Ta shiga yago shafi tana naɗe wa mutanen Zongo ƙosai.

To, 'yan adabi ba sa barin littafi ya huta. Sai sun ja layi da jan alƙalami, sun kewaye kalma, sun cika gefe da kibiyoyi. Wani Shef, wato shugaban wani ofishin hukuma, Allah Ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya aiko aka sayo masa ƙosai. Sai da ya cinye tas, sannan ya lura da takardar: Ingilishi a ƙasar da ake aiki da Faransanci, jan layi, ga iyakar Gana nan kusa. Ya ce lallai saƙon 'yan leƙen asiri ne. Kafin azahar an zo an ɗauke kasko har da man da ke ciki.

Maƙwabcina Iddi tela ya ja ni gefe. "Malam Sabitu, ka je ka rantse ba ka taɓa ganinsa ba."

"Wa?"

"Kaskon mana!"

Ban bi shawararsa ba, na ja Rabiatou muka tafi ofishin. Ashe tafintan ofis ɗan ƙanwar Shef ne, Ingilishinsa a gaisuwa ya tsaya. Shef ya miƙo takardar, duk ta jiƙe da mai.

"Madmazel, me wannan ke cewa?"

"Ranka ya daɗe, wani manomi ne a Amurka, dokinsa ya ƙi tafiya."

Wallahi da ta tsaya nan, da tuni mun dawo gida da kayanmu. Na ga bakinta zai sake buɗewa, na taka mata ƙafa. Ina!

"Amma fa, Shef, dokin ba doki ba ne kawai."

Awa biyu cur tana bayani! Dokin talaka ne, ko kuma zuciyar manomin ce, wani malaminsu ma ya ce uwarsa ce da ta rasu. Ni gumi nake, Shef ma gumi yake.

"Dakata," in ji shi. "Mutum zai iya rubuta doki alhali wani abu daban yake nufi?"

"Kullum ma, Shef."

"Har a garin nan?"

Ya juya ya dubi tulin wasiƙun da ya shekara goma sha biyu yana buga wa hatimi. Ya zaro wata, wadda wani ya rubuto yana kukan cewa wani ƙaton rago ya kwanta bakin ofis, ci kawai yake, ba ya motsi. Ya dubi wasiƙar, ya dubi tumbinsa. Nan take ya ɗauki Rabiatou aiki, da tebur da fanka, ta riƙa gaya masa abin da kowace dabba ke nufi.

Na yi murna har da hawaye, ba zan ɓoye muku ba. Da na share ido na ce, "Shef, to kaskon fa?"

"Sai sabuwar ma'aikaciyarmu ta kawo rahoto cewa kasko ne kawai."

Jiya na zaunar da ita. "Rabiatou, layi ɗaya ne fa. Rubuta: kasko ne, a mayar wa mai shi."

"Haba Baba! Abu baƙi, kullum a kan wuta, shi ke shan zafi wasu na ci? Ai ina shafi na arba'in, ko hannunsa ban kai ba."

Fatouma ta daina yi min magana, wai ni na kai yarinyar jami'a. Saboda haka iyaye, kada ku ji tsoron sa 'ya'yanku karatun adabi. Aiki akwai, ga shaida a gidana. Sai dai kafin su gama, ku ajiye kasko na biyu a gidan maƙwabci.